Ƙafa Ce Ke Buɗe Tafki

Litinin, 2 ga Satumba

Yau ma na ga sawun mutum a bakin tafkin Nalumbe, ta gefen rairayi. Ƙafa babba, ba takalmi, ga layin da kwando ya ja a laka. Ana dai shiga ke nan. Na bi sawun har ya ɓace cikin ciyawa, na tsaya ina kallon garin da aka haife ni, ina tambayar kaina a wane gida aka soya kifin sata jiya.

Kowa ya san doka. Daga ranar da ambaliya ta janye, tafki a rufe yake har sai mai tafki ya buɗe. Ba ni na kafa ta ba. Kawu Imataa ya riƙe ta shekara da shekaru, a zamaninsa ko zalɓe sai ya waiwaya kafin ya sa baki. Ya rasu a watan Mayu, dangi suka zauna suka miƙo mini mashinsa na mai tafki, wai ni na yi sakandare a birnin Mongu, ni zan iya da mutanen gwamnati. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Ina zaman zamana da ɗan shagona. Su suka ɗora ni, su ne kuma ke zagayawa ta bayana.

Na san bana ruwa bai zo ba. Na san masara ta ƙone, ƙananan tafkuna sun zama fako tun Yuli. To ai don irin wannan shekarar aka yi dokar. In kowa ya tsinci nasa a ɓoye, me za a tarar ranar su, ranar da gari duka zai shiga kamun kifi?

Laraba, 4 ga Satumba

Na duba turken da ke tsakiyar tafki. Tsagar da Kawu ya yi a jikinsa tana cikin ruwa har yanzu. Sai ta fito ake buɗewa, don lokacin ne ruwa ke dawowa iya ƙirji, mata su iya shiga da kwanduna, kifi kuma ya gama yin ƙiba. Ranar ni zan fara shiga, ni kaɗai, da ƙafa, in je har turken in kafa mashi. Sannan kowa ya biyo.

Na sha ganin Kawu yana yi. Ban taɓa lura turken yana da nisa haka ba.

Lahadi, 8 ga Satumba

Yaya Namatama ta biyo mu gida bayan an tashi daga coci. Ko zama ba ta yi ba ta fara.

"Mai tafki, ashe kana nan. Mun ɗauka kai ma an rufe ka sai ranar buɗewa."

Na ce, Yaya, tsaga ba ta fito ba. Ta ce tsaga ba ta da 'ya'ya, ita tana da su, kuma sati nawa ke nan tuwonsu gishiri ne miyarsa. Ta buɗe tukunyar matata Nalukui ta leƙa, ta ga ganyen kabewa ne mu ma, ta rufe. Na zaci hakan zai sa ta sassauta. Ina. Cewa ta yi, "Tun ina goyonka haka kake, Muyunda. Sai an jera maka komai a layi kafin ka ci."

A gaban matata. Mutum mai shekara arba'in da ɗaya. Nalukui kuma ta juya baya wai tana gyara wuta, kafaɗarta tana rawa.

Ni kam ba zan buɗe tafki don an yi mini ba'a ba.

Alhamis, 12 ga Satumba

Wani kada ya ɗauke maraƙi a mashayar shanu da hantsi. Na je na gani, tunda aikina ne. Inda ya ja cikinsa a rairayi ya kusa faɗin kwalekwale. Ba jini, ba komai, sai uwar maraƙin tana tsaye tana kiran ruwa.

Tsofaffin mata ko a jikinsu. Wai wannan kada Kaka ne, tun iyayenmu yana nan, kuma bai taɓa taɓa mai tafki na gaskiya ba. Na gaskiya. Wannan kalmar suka ga dama su ƙara, ina tsaye.

Ban iya cin abincin rana ba. Zafi ne.

Asabar, 14 ga Satumba

Tsaga ba ta fito ba. Gara haka, kifi zai ƙara girma.

Talata, 17 ga Satumba

Na kama shi. Sikota, mijin Yaya. Da sassafe, a lungun ciyawar iwa, wurin da ko ranar su ba a taɓawa don nan ne kifi ke barin iri. Da gidan sauro. Ya ɗaura shi a sanduna biyu yana ja, ya kwaso 'yan mitsi-mitsin kifi waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba, har da ƙwai, har da laka. Abin da za mu ci baɗi ke nan a cikin bokiti.

Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Suruki, ka tashi da wuri. Zo ka riƙe mini can ɓangaren, mu raba."

Na ce ya san inda ya shiga? Ya ce ya sani, iya gwiwa ne, Kaka ba ya zuwa iya gwiwa, ya tambaya.

Na mayar da waɗanda ke motsi cikin ruwa, sauran sun riga sun mutu. Zan kai ƙara. In na ƙyale shi don mijin yayata ne, da wane baki zan hana wani?

Anya na yi daidai? Na yi daidai.

Juma'a, 20 ga Satumba

An zauna shari'a ƙarƙashin mangwaron Bo-Kufekisa, induna, wato mai garinmu. Na durƙusa, na tafa hannu na gaisuwa, na faɗi abin da na gani ba ƙari ba ragi. Aka yanke: a ƙona gidan sauron, kuma ranar buɗewa Sikota ya tsaya a tudu yana kallo, ba zai sa ƙafa a ruwa ba.

Sikota ya tafa ya yi godiya, sannan ya ce yana da tambaya ɗaya. "Ranka ya daɗe, ranar buɗewar nan, a shekarar nan take ko sai jikokinmu?"

Aka kwashe da dariya. Har shi induna ya rufe baki da wutsiyar da yake kore ƙuda. Ɓarawo ya tafi da dariyar jama'a, wanda ya tsare musu abinci ya koma gida shi kaɗai. Haka garin nan yake.

Yaya tana wurin. Ko inda nake ba ta duba ba.

Laraba, 25 ga Satumba

Na yi kwana biyu ina shirya maganar, na jera hujjojina, na tafi wurin induna da dattawa. Na ce akwai kada mai cin maraƙi a tafki, mata da tsofaffi za su shiga, hankali ya ce a nemo mai bindiga da izinin hukuma a kawar da shi kafin ranar su. Don jama'a na faɗa.

Kamar na zagi iyayensu. Bo-Kufekisa ya bari hayaniya ta lafa, ya ce, "Magajin Imataa, wa kake tsammani ya tsare maka tsakiyar tafkin nan wata huɗu? Kai? Ɓarayinka duk a bakin ruwa suke tsayawa. Kashe Kaka yau, jibi ka je ka tsare laka."

Amsar da ta dace sai yanzu ta zo mini, yanzu da ba amfani.

Sai na ce, to mene ne laifi in na je turken a kwalekwale, in kafa mashin daga sama? Mashi dai ya kafu. Wani dattijo ya yi tari. Induna ya ce a hankali, kamar mai yi wa mara lafiya magana, "Ƙafa ce ke buɗe tafki. Matan da za su biyo ka ba a kwalekwale za su shiga ba. In kai ba ka taka ba, da wane ido za ka ce su taka?"

Camfi. Mutanen da ke cika coci ran Lahadi.

Asabar, 28 ga Satumba

Magana ta fita. Wata ta zo sayen sabulu, ta ce, "Miƙo daga nan, mai tafki, kada ka sauko daga kwalekwale." Wata ta ce in ina so a shimfiɗa mini tabarma a kan ruwa. Na rufe shago da wuri.

Abin da ke ƙona mini rai, ba wanda ya tsaya ya auna maganar tawa. An dai yanke cewa tsoro ne.

Talata, 1 ga Oktoba

Motar ƙanƙara ta masu sayen kifi a ƙofar gidan induna. Wani ɗan kasuwa daga birni, da takalmi fari. Induna ya aiko aka kira ni bayan ya tafi.

Mutumin yana da taru mai kaiwa daga baki zuwa baki, da jirage biyu. Zai kwashe Nalumbe a yini ɗaya, ya ba gari buhunan garin masara. Ba wanda zai jiƙa ƙafa. Na ce, ranka ya daɗe, taru bai san lungun iwa ba, bai san ƙarami ba, bai san mai ƙwai ba. Tafkin gabas da aka ba irinsu, yau ko kwaɗo sai an yi sa'a. Kuma in aka ba shi bana, baɗi shi ne mai tafki.

Ya ce duk ya sani, ya riga ni sani. Ya ce, "Ban amsa ba. Amma yunwa ta fi ni iya magana, kullum tana ƙofar gidana tun kafin in wanke ido. In wata ya cika ba ka buɗe ba, zan amsa."

Wato a kaina za a ɗora. Su sayar da gadon kakanninsu da buhun gari, a ce Muyunda ne.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Nalukui ta ce in mayar da mashin. Tana tsince wake take faɗa, ba ta ɗago ba. "Baban Inonge, a ba wani. Mashi ba ya ciyar da marayu."

Na tambaye ta wa za a ba. Ba kowa a gidanmu sai ni, in na ajiye kuwa mai farin takalmi ne zai ɗauka. Ta ce to in shiga. Na ce tsaga ba ta fito ba. Ta ce to.

Wannan "to" ɗin ta fi ba'ar mutanen gari ciwo. Ita ma ke nan. Ni ba tsoro nake ji ba, so nake a yi abu bisa ƙa'ida. Ko da yake in an bi ta gaskiya, duk mai hankalin da ya ga wancan sawun a rairayi...

Bari dai.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Tsaga ta fito. Ban gaya wa kowa ba.

Litinin, 7 ga Oktoba

Wataƙila iska ce ta tura ruwa gefe ɗaya. Yakan faru. Zan sake dubawa.

Laraba, 9 ga Oktoba

Rana kamar za ta fasa kai. Ruwan ya yi kore, ya yi ɗumi, kifi suna tasowa sama suna buɗe baki. Kwasakwasa sun sauka garke guda, suna ci ba mai kai su ƙara. A gefen yamma karfasa sun fara mutuwa, manya, farin cikinsu a sama. Na ɗauki ɗaya, ta cika hannu biyu. Wata huɗu na hana mutane ita don ta zo ta ruɓe a laka.

Ina tsugune na ji mutum a bayana. Yaya ce, da tulu. Tun ranar shari'a ba mu yi magana ba. Na shirya jin baƙar magana, sai ta tsaya kawai tana kallon turken.

Ta ce, "Tun Lahadi na gani."

Na ajiye karfasar a laka.

"Kowa ya gani. Jira muke mu ga ranar da kai za ka gani."

Ta ɗauki tulunta ta wuce. Da ma zagina ta yi.

Na je na shaida wa induna: Asabar.

Juma'a, 11 ga Oktoba

An buga ganga, an sanar da ƙauyukan da ke da haƙƙi. Mata suna ta ɗaure kwanduna, maza suna wasa masu, ana sare itacen banda. Kowa murna, kowa yana gaishe ni yau, har masu yi mini ba'ar kwalekwale.

Na wasa mashin Kawu. Na sake wasa shi. Na nuna wa Nalukui yadda ake buɗe ƙofar shago, cewa sai an ɗan ɗaga ta kafin makulli ya juya. Ta ce ita ta koya mini hakan.

Na yi addu'a. Na kuma tanadi garin gero da za a zuba a bakin ruwa kamar yadda Kawu ke yi. Ban san ko biyun suna tafiya tare ba. Ba yau zan warware wannan ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ina rubutu hannuna yana warin kifi. Zan rubuta yadda aka yi daki-daki kafin mutanen garin nan su ƙara masa gishiri.

Jama'a sun kewaye tafki tun rana ba ta yi zafi ba. Mata a gaba da kwandunan kifawa, maza a baya da masu. Sikota can kan tudu shi kaɗai, ya naɗe hannu. Na durƙusa, na tafa, na zuba garin. Aka yi tsit. Ban taɓa jin mutanenmu sun yi shiru haka ba, ko a jana'iza.

Na shiga. Lakar bakin ruwa da ɗumi, gaba kaɗan sai sanyi. Gwiwa. Cinya. Ina sa ido a kan turke kamar yadda na tsara. Da ruwa ya kawo ƙugu, wani abu ya goge mini ƙafa, dogo, mai santsi. Tarwaɗa ce. Yanzu na san tarwaɗa ce. Can kuma bakin iwa na hango wasu ƙulle-ƙulle biyu a saman ruwa, ƙila gungume ne.

Ƙafafuna suka ƙi. Ba ni na tsaya ba, su suka tsaya. Na ce musu su tafi, ba su ji ba. Baya ma ba su koma ba. Ina tsaye da mashi a sama kamar gunkin korar tsuntsu, duk ƙauyuka suna kallon ƙeyata. Na ji wata saniya ta yi kuka can nesa a kan busasshiyar ƙasa, na yi mata hassada.

Sai na ji ana keta ruwa a bayana, facal, facal, ba ko sanɗa. Bakin kwando ya zungure ni a tsakiyar baya.

"Tafi, ɗan autan banza. Sabon zane na jiƙa."

Ban waiwaya ba. Na ce, Yaya, koma, ba a shiga kafin a kafa mashi, doka ce. Ta ce, "Wa ya ce shiga na yi? Ƙanena na rako, kamar yadda na saba raka shi bayan gida yana kukan duhu. Ɗaga ƙafa."

Da ƙarfi take faɗa, yadda na can tudu ma zai ji. Tana dukan ruwa da kwando, tana kiran Kaka da suna, wai in yana so ya zo ya ɗauka, amma ya sani wannan ba nama a jikinsa, duk ƙa'ida ce. Wani ya yi dariya a baki. Mata suka ɗauki guɗa, maza suka hau dukan ruwa da filafilai.

Kunya ce ta ɗaga mini ƙafa ko fushi, ban sani ba. Na dai tafi. Ruwa ya kai ƙirji, kwando yana zungura ta, zagi yana bina. Sai ga turke a gabana, na taɓa tsagar da hannuna. Na kafa mashi da dukan ƙarfina har kafaɗata ta amsa.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Tafki ya cika da mutane kamar kasuwa. Tarwaɗa masu kaurin cinya, karfasa kwando-kwando. Aka fara fitar da kason tsofaffin da ba sa iya shiga, sannan kowa ya kama nasa. Ba wanda ya kusanci lungun iwa, ko magana ban yi ba. Kaka bai nuna kansa ba yini guda.

Garin nan duk hayaƙin banda ne yanzu. Nalukui ta dafa kan tarwaɗa, na ci har na ji nauyi.

Amma a gaban kowa. Bayan gida. Ba zan yafe mata wannan ba.

Litinin, 14 ga Oktoba

Yini na biyu na su, jiya Lahadi an huta. Na tarar da Sikota ya koma kan tudunsa, ya rame, ba'ar ma ta ƙare masa. Na tuna masa cewa hukunci ya ce ranar buɗewa, kuma ranar buɗewa ta wuce. Ba alfarma ba ce, abin da aka yanke ke nan, ni na fi kowa riƙe kalmomin. Ya dube ni ya ce, "Suruki, karatu dai ya yi rana." Ya ruga ya ɗauko mashinsa.

Motar ƙanƙara ta zo ta juya. An sayar wa mai farin takalmi da 'yan kaɗan a bakin hanya, a farashinmu.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Jiya na je na zare mashin, tafki ya koma a rufe.

Yau aka kira ni ƙarƙashin mangwaro. Wani dattijo ya tayar da magana: an shiga ruwa kafin a kafa mashi, kuma hukuncin wannan a ƙona kwando, a hana mai shi su na baɗi. Gaskiya ya faɗa, haka dokar take. Yaya tana zaune cikin mata, ta miƙe ƙafa tana ɓare gyaɗa kamar ba da ita ake ba.

Induna ya ce a wannan shari'a bakin mai tafki kaɗai ake ji. "Magajin Imataa, ka ga wani ya shiga kafin ka kafa mashi?"

Na durƙusa, na tafa. Na ce, ranka ya daɗe, turke nake kallo.

Ya ce, "Kunnenka fa? Har Mongu an ji muryar."

Na ce ruwa ya shiga kunnena.

Ya daɗe yana dubana, ya dubi ƙirjina inda ruwan ya tsaya, ya kaɗa wutsiyarsa ya ce shari'a ta mutu tunda ba shaida. Da za a tashi Yaya ta wuce ta gabana, ta zuba mini gyaɗa a tafin hannu, ta ce in je a duba mini kunnen.

In aka bi diddigi ba ƙarya na yi ba, ban waiwaya ba. Doka tana nan yadda Kawu ya bar ta, kuma duk wanda na kama da gidan sauro zai gane kurensa. Baɗi ranar da tsaga ta fito, a ranar zan sanar. Ni kaɗai zan shiga, yadda aka gada.

In kuma wani ya biyo baya, ni dai turke zan kalla.